Wa Ya San Itsuki a Urahama?

Mu uku ne a gidanmu: Baba, Mama, sai ni, Chisato, 'yarsu tilo. Shagon taliyar soba muke da shi a bakin tashar jiragen kamun kifi ta Urahama, shago a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sutura ba. Abin da muka rasa, garin duka ya rasa shi: matasa. Kowa ya gama sakandare sai ya ɗauki jaka ya nufi Sendai ko Tokyo. Ajin da nake koyarwa, aji huɗu na firamare, yara goma sha ɗaya ne. Lokacin da ni nake zaune a kan waɗannan kujerun, mu talatin da shida ne. Don haka, masu karatu, idan kun ga Baba ya taurare a cikin labarin nan, ku yi masa uzuri. Mutum ne da ya ga 'ya'yan kowa sun tafi, tasa kaɗai ta rage.

Sai na fara gaya muku zancen bango, don in ba ku san bango ba, ba za ku san Baba ba.

A bangon shagonmu, daga gefen tukunyar romo har bakin ƙofa, akwai alluna arba'in da ɗaya. Fararen kwalaye ne masu bakin ruwan zinare, irin waɗanda sanannun mutane ke sa hannu a kai. Kowanne an lulluɓe shi da leda saboda tururi. Wasu shagunan, da zarar ɗan talabijin ya leƙo sai mai shago ya ruga da allo yana roƙo. Ban da Baba. Shi dokarsa ɗaya ce tun kafin a haife ni: shi ba ya roƙo, baƙon kuma ba ya tayi. Sai wani daga cikin masu cin taliya ya gane mutum da kansa, ya ce, "Maigida, a kawo allo." In ba a samu wanda ya ce ba, ko ɗan majalisa ne kai, ka ci ka tafi.

A can sama, a tsakiya, allon Oikawa Renji ne. Renji ɗan garinmu ne, yana buga ƙwallo a Turai, kuma babu yaro a ajina da bai san lambar rigarsa ba. Ranar da ya zo cin taliya, shekara uku da suka wuce, sai da titinmu ya toshe.

To, a ƙungiyar sakandarenmu, akwai yaron da ke ba Renji ƙwallo yana zurawa. Sunansa Hatakeyama Itsuki. Shi nake so.

Itsuki bai samu Turai ba. Ya yi shekara biyu yana ɗumama benci a wata ƙaramar ƙungiya a kudu, sannan ya tafi Indunisiya, wani birni a tsibirin Jawa. Shekara shida ke nan yana can. Hutun tsakiyar kakar wasa ne ya dawo da shi a watan Janairun nan, kwana goma sha biyu kacal, kuma a rana ta biyu ya tsayar da ni a kan gadar tashar jirage, hancinsa ja saboda sanyi, ya ce in na yarda, in shekarar karatu ta ƙare a Maris, mu tafi tare. Na ce na yarda, saura Baba.

Na faɗa wa Baba muna cin abincin yamma, ƙafafunmu a cuse ƙarƙashin gajeren teburinmu na lokacin sanyi, mai bargo da abin ɗumi. Mama ta riga ta sani. Ita dai tana ɓare lemo, ba ta ɗago ba.

"Ɗan gidan Hatakeyama?" in ji Baba. "Mai kunnuwan nan? Me yake yi yanzu?"

"Ƙwallo yake bugawa."

"Na ce me yake yi. Sana'a."

"Ita ce sana'ar, Baba."

"An taɓa nuna shi a talabijin?"

"A can, kowane mako."

"Talabijin ɗina a nan take."

Na ɗauko waya na buɗe masa shafin Itsuki. Na nuna masa da yatsa, kamar yadda nake nuna wa yara lissafi: mabiya dubu ɗari tara da 'yan kai. Baba ya sa tabarau, ya duba, ya cire tabarau.

"Waya ba ta cin taliya," in ji shi.

"Tokuji," Mama ta ce a hankali, "ka ji yarinyar tukuna."

"Na ji ta. Ke ce ba ki ji ba. Tsallaken teku za a yi da ita, Fumie. Garin da ban san harshensu ba, bayan mutumin da a garinsu ma ba a san shi ba. Idan wani abu ya same ta, wa zan tambaya? Da Renji ne, ko ɗan sanda na tara a hanya zai gaya mini inda yake. Wannan fa?"

A nan na gane ba raini ba ne yake magana. Tsoro ne ya sa rigar raini. Shekara bakwai ina koyarwa, na san fuskar nan. Ina ganinta a wurin iyaye ranar da za mu tafi da yara yawon kwana biyu.

Baba ya cinye lemon da Mama ta ɓare wa kanta. Sannan ya ce, "Ya zo ran Lahadi. Ya zauna a shago daga buɗewa har a sauke labulen ƙofa, ƙarfe biyu. Ba rigar ƙwallo, ba hoto, ba surutu. Ke kuma ba za ki buɗe baki ba, ba za ki ƙyafta wa kowa ido ba. In aka samu mutum ɗaya ya ce a kawo allo, sai mu yi magana. In ba a samu ba, to, ni ma ban san shi ba."

Mama ta dube ni da tausayi. Ni kuwa sai da na ciji leɓe don kar in yi murmushi. Zan gaya muku dalili.

A lungun shagonmu, bayan na'urar ɗumama ɗaki, akwai dogon teburi. Kowace Lahadi, sha biyu da rabi, mutum shida ko bakwai suke zama a wurin, 'yan Indunisiya masu aiki a jiragen kifi da masana'antar daskarar da kifi. Shekara takwas suna zuwa. Musulmi ne, don haka Baba ya ware musu tukunya ta musamman, romon da ba a ɗiga masa giyar girki ba. Yana yi yana ƙorafi, amma ko sau ɗaya bai taɓa haɗa ludayinsu da na sauran ba. Suna shigowa shiru, su ci shiru, su rusuna su fita. Baba bai san sunan ko ɗaya ba sai babbansu, Darto, wanda ya fi shekara goma a garin har ya kawo iyalinsa.

'Yar Darto tana ajina. Sunanta Sekar, shekararta tara. Tun da ta zo makarantarmu ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ko da ta san amsa, kuma sau da yawa ta sani. Da yake abincin makaranta wani lokaci da naman alade, ita daga gida take zuwa da nata, a ɗan akwati kore. Sauran yara na layi da faranti, ita tana zaune ita kaɗai. Sai na riƙa jawo kujerata kusa da ita, muna ci tare, ita kuma kullum ta koya mini kalma ɗaya ta harshensu. Ruwa. Shinkafa. Na gode. Tana tsammani don ita kaɗai nake koyo. Rabi don ita ne, ban yi ƙarya ba. Rabi ne dai.

A watan Nuwamba ta juya murfin akwatin, sai na ga hoto a manne a ciki, ya koɗe saboda wanki. Mutum ne cikin jar riga, ya buɗe hannuwa yana gudu, kunnuwansa kamar za su ɗaga shi sama. Itsuki ne. Shinkafa ta kusa sarƙe ni.

Malama ba ta kawo zancen zuciyarta aji. Don haka na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Wane ne wannan?"

"Yaya Uki," ta ce cikin raɗa. "Ɗan Japan ne. Malama ba ta san shi ba?"

"Ki ba ni labarinsa."

Kafin ta buɗe baki yaran teburin gaba suka leƙo. "Ba Renji ba ne," in ji ɗaya. "Wa ya san wannan?" Sekar ta rufe murfin, ba ta sake juya shi ba.

Kun ga dalilin murmushina ke nan. Baba da kansa ya zaɓi Lahadi. Na kwanta da lissafina a cike: mutum bakwai za su shigo, su gan shi, shago ya kaure. Na yi tunanin in raɗa wa Sekar kalma ɗaya ranar Juma'a don ƙarin tabbaci, amma na hana kaina. Ba zan tsaya gaban allo ina cewa kar a leƙa takardar wani ba, sannan in leƙa tawa.

Ran Asabar wayata ba ta huta ba.

"Kwat baƙa ko shuɗiya?" in ji Itsuki.

"Shuɗiya. Ba jana'iza za ka zo ba."

"Kin tabbata?"

"Ka daina."

"Tsaraba fa? Na ga wata taliya mai kyau a tashar jirgin ƙasa."

"Itsuki. Taliya za ka kawo wa mai shagon taliya?"

"Na goge. Ki manta na rubuta."

"Alewar wake. Ta shagon da ke gaban asibiti. Mama na sonta."

"Na buga wasa gaban mutum dubu talatin ban ji haka ba."

"Mutum ɗaya kawai muke nema. Ka yi barci."

Lahadi ta waye da dusar ƙanƙara. Na sa rigar ulu ruwan toka da siket baƙi, na ɗaura farin gyauton aiki a kai, na tufke gashina da ɗankwalin shago. Mama ta kunna turare gaban hoton Kaka, ta daɗe a durƙushe fiye da kullum. Sha ɗaya da kwata Itsuki ya iso. Ya tsaya a waje cikin sanyi ya cire babbar rigarsa, ya ninke ta a hannu kafin ya ɗaga labule, yadda ladabi ya ce. Kwat shuɗiya, naktai mai duhu, takalmi yana ƙyalli. Ya miƙa alewar da hannu biyu, ya rusuna har ina ganin ƙeyarsa.

"Baba, na gode da aka ba ni lokaci."

"Maigida ake ce mini a nan," in ji Baba, yana yanka albasa. "Zauna can."

Ya zaunar da shi a bakin kanta, dab da Dattijo Chiba. Shi Chiba tsohon kyaftin ɗin jirgi ne, shekara ashirin kujerar nan tasa ce, kuma bakinsa ya fi wuƙar Baba kaifi. Ya dubi Itsuki daga naktai zuwa takalmi.

"Yaro, inshora kake sayarwa? In ita ce, na riga na kusa mutuwa, ka makara."

"A'a, ranka ya daɗe."

"To wa'azi?"

"Taliya na zo ci."

"Da wannan shigar? Tokuji, ka ƙara wa taliyarka kuɗi ne ban sani ba?"

Shago ya cika. Ma'aikatan kasuwar kifi, iyalai biyu, direbobin manyan motoci. Ina kai kwanuka ina kallon idanun mutane. Idanu na wucewa ta kan Itsuki kamar yadda suke wuce kalandar bango. Can wata mata mai jar hula ta tsaya a bayansa, ta ɗan sunkuya, ta ce, "Gafara dai..." Itsuki ya miƙe zaune. "Ko za ka miƙo mini barkono?"

Ya miƙa mata da hannu biyu.

Sha biyu da rabi labule ya ɗaga. Darto ne a gaba, da maza shida a bayansa cikin manyan rigunan sanyi, sai ga Sekar ta biyo su da hular ulu a kan ɗan mayafinta. Ba ta saba zuwa ba. Daga baya na ji mahaifiyarta ce aka kira aiki. Ta gan ni da gyauton aiki ta zaro ido, ta rusuna. Na rusuna mata kamar kowane baƙo.

Sun zauna, na kai musu shayi. Ƙaraminsu ne ya fara gani. Kofin ya tsaya a rabin hanyar bakinsa. Ya zunguri na kusa da shi, wancan ya juya, tsinken cin abincinsa ya faɗi ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya suka juya, sai raɗa ta tashi kamar tukunya ta fara tafasa. Na ce a raina, to, Baba, ga shi nan.

Sai Darto ya faɗi kalma ɗaya, ƙasa-ƙasa. Kawuna shida suka sunkuya cikin kwanuka.

Na tsaya da faranti a hannu kamar an dasa ni. A nan na ga kuskuren lissafina, ni mai koyar da lissafi. Abin da ake fara koya wa mutanen nan ranar da suka sauka a ƙasarmu shi ne kar su dami kowa. Kar a ɗaga murya. Kar a ɗauki hoton mutum. Kar a yi wa mai cin abinci magana. Shekara da shekaru suna kiyayewa har ya zama musu jiki, mu kuma muna yabonsu da cewa ba a jin motsinsu. Ga kuma mutum cikin kwat, zaune ƙiƙam gaban mai shago, ko makaho ya san magana ce mai nauyi ta kawo shi. Don girmama shi suka yi shiru. Girmamawar nan kuwa ita za ta kashe mu.

Itsuki ya gan su. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya ɗan sunkuyar musu da kai, ya mai da ido kan kwanonsa, don doka ta hana shi magana. Ba ya iya zama a bakin kanta babu ci, don haka ya nemi kwano na biyu. Ƙarfe ɗaya da kwata ya nemi na uku.

"Ko dai gasar ci ake yi?" in ji Chiba. "A faɗa mini in sa kuɗina."

Ɗaya da rabi. Iyalai sun tafi, direbobi sun tafi. Baba ya dubi agogo, ya dube ni, ba da mugunta ba, da irin kallon da yake yi wa kifin da ya san ba zai sayu ba. Mazan lungu sun gama ci, suna ta jujjuya kofunan da babu komai a ciki, sun kasa tashi, sun kasa magana. Kalma ɗaya daga bakina ta isa. Na san kalmar "bismillah, ku yi" ba ta fi ƙarfina ba, ko da ido ne. Na juya musu baya na shiga goge teburin da na riga na goge.

Biyu saura kwata Mama ta taɓa ni a gwiwar hannu. Na juya.

Sekar ta ɗaga hannu.

Ba ɗagawar mai neman ruwa ba. Hannun dama, a miƙe sak, yatsu a haɗe, kunne yana taɓa dantse, daidai yadda nake koya musu tun watan Afrilu. Mahaifinta ya dafa kafaɗarta yana mata raɗa. Ba ta sauke ba. Ni take kallo, tana jira a kira ta, don a aji ba a magana sai an kira suna.

Kusan shekara guda ina jiran hannun nan, masu karatu. Ga shi ya tashi a ranar da ba ni da ikon kiransa. Na riƙe tsumma da hannu biyu, na dubi ƙasa.

"Me yarinyar can take so?" in ji Baba.

Na ƙara matse tsumman.

"Hannu ta ɗaga, Tokuji," in ji Mama. "Ba ka yi makaranta ba? Kira ake yi."

Baba ya goge hannu a gyautonsa. "Ke, 'yar ƙarama. Faɗi."

Sekar ta tashi, ta tura kujerarta ciki, ta tsaya a bayanta, hannuwa a gefe. Kowace kalma ta fito sarai.

"Sunana Sekar, aji huɗu. Ina da tambaya. Mutumin can Yaya Uki ne. Me ya sa babu allonsa a bango?"



"Tambaya ce ko roƙo?" in ji Baba.

Ta yi tunani. "Roƙo. A kawo allo."

"Kai, kai, kai," in ji Chiba, yana bubbuga kanta. "Wannan ba ta shiga lissafi ba. Yarinya ce, kuma baƙi ne. Bangon 'yan gari ne, Tokuji. In haka ne gobe jikata ma zai ce a sa malamin ninƙayarsu."

Na ga fuskar Darto ta canza, ya fara tattara rigarsa. Baba bai dubi Chiba ba. Ya zagayo daga bayan kanta, ya je har lungu, ya leƙa kwanon Sekar. Ko ɗigon romo babu.

"Dokar ta ce mai cin taliyata," in ji shi. "Ba ta ce mai furfura ba, ba ta ce ɗan gari ba. Ta ci, ta shanye. Kai kullum sai ka bar mini rabi." Sannan ya tsuguna daidai tsayinta. "Amma ki faɗa mini gaskiya. Malamarki ce ta sa ki?"

"A'a," in ji Sekar da mamaki. "Malama ma ba ta san shi ba. Ni na gaya mata sunansa."

Mama ta toshe baki da gyauto, kafaɗunta na girgiza. Baba ya ɗago ya dube ni, dogon kallo. Na so ƙasa ta tsage.

"Haka ne?" ya ce. "To, madalla da kika sanar da ita." Ya miƙe ya juya wajen Darto. "Kai, zauna. Shekara takwas kana cin taliyata ban tambaye ka komai ba. Yau zan tambaya. Wane ne wannan yaron a wurinku?"

Darto ya tashi tsaye duk da an ce ya zauna. Yana magana a hankali, yana zaɓen kalmomi kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

"Maigida, mu huɗu a nan garinmu ɗaya, garin da yake wasa. Shekarar da ƙungiyarmu za ta faɗi, shi ya ci ƙwallon da ta tsayar da mu, minti na ƙarshe. Babban birni suka neme shi, ya ƙi tafiya. Bayan wasa yana ɗaukar leda yana tsince shara a filin. Da farko dariya ake yi masa. Yanzu kowa yana zuwa da ledarsa. An zana fuskarsa a jikin gada, tsayinta ya fi shagon nan. Ɗan ƙanwata sunansa Uki."

"Da kunnuwan duka aka zana?" in ji Chiba, amma muryarsa ta sauka.

"Da su. Fenti ya ƙare sau biyu."

Mazan lungu suka fashe da dariya, karo na farko da na ji dariyarsu cikin shekara takwas. Itsuki ya rufe fuska da hannu.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "A ce mace baƙuwa ta sauka a garinku. Ba ta jin harshenku. Ta ɓata. Yaya za ta yi?"

Darto ya dube ni, ya dubi Itsuki, ya dubi kwat ɗin. Ya gane.

"Ta tare kowane mai babur, ta ce gidan Yaya Uki. Har ƙofa zai kai ta."

"In kuma shi ne ya ɓata mata rai?"

"To ya shiga uku, Maigida. Kafin la'asar gari duka ya ji. Ina zai ɓuya? Fuskarsa na jikin gada."

Baba ya shiga ciki, muka ji ana jan durowa, ya fito da sabon allo da baƙin alƙalami mai kauri. Bai ba Itsuki ba. Sekar ya miƙa wa.

"Ke kika roƙa, ke za ki kai."

Ta kai da hannu biyu. Itsuki ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabanta da kwat ɗinsa, ya yi mata magana da harshensu. Ban ji duka ba, amma na tsinci "na gode", don ita ta koya mini. Ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta sunanta a gefe. Daga nan doka ta karye. Mazan shida suka taso, aka fito da wayoyi, wani ya juya baya a sa masa hannu a rigar sanyi, ƙaraminsu yana ta share ido yana cewa "Masha Allah". Chiba ya ɗaga kwanonsa sama don kar a zubar masa.

"A ina za a rataye?" ya tambaya. "Sama dai ta Renji ce."

"Sama ta Renji ce," in ji Baba. Ya ɗauki guduma da ƙusa ya nufi lungu. A bangon da ke kan dogon teburin, inda ba a taɓa rataye komai ba, ya buga ƙusar. "Kowa a rataye shi inda masu saninsa ke zama."

Ƙarfe biyu ya sauke labulen ƙofa. Itsuki ya ɗauki rigarsa ya tsaya, bai san ko tafiya zai yi ba.

"Kwano uku ka ci," in ji Baba, yana wanke ludayi, bai juyo ba. "Na huɗu a sama za ka ci, da yamma. Ka ce wa iyayenka su duba kalanda su zaɓi rana mai kyau."

"Na gode, Maigida."

"A sama ba a ce mini Maigida."

Mama ta shige ɗakin ajiya, wai za ta duba garin taliya. Mun ji tana fyace hanci.

Da na so in tsaya a nan, masu karatu, amma akwai Litinin.

Takardar ajiye aiki tana cikin jakata, ban kai wa shugaban makaranta ba tukuna. Ban faɗa wa yaro ko ɗaya komai ba. Lokacin cin abinci na jawo kujerata kusa da Sekar kamar kullum. Ta buɗe koren akwatinta, ta ajiye murfin a buɗe, hoton yana kallon sama. Yaran teburin gaba suka leƙo, ta bar su suka gani.

"Kalmar yau fa?" na ce.

"Yau ba kalma ba ce. Jimla ce." Ta ciro takarda daga aljihu, ta rubuta ta da fensir, baƙaƙe manya, da yadda ake furtawa a ƙasa. "Malama ta maimaita."

Na maimaita. Ta gyara mini sau biyu.

"Me take nufi?"

"A kai ni gidan Yaya Uki." Ta ɗebi shinkafa, ba ta kai baki ba. "Saura mako tara kafin Maris ya ƙare. In muna yin jimla ɗaya kullum, za ta isa."

Babu wanda ya gaya mata. Ta ji tambayar Baba ne kawai, ta haɗa ta da ruwa da shinkafa da na gode. Ta gane zan tafi, kuma ta gane hannun da ta ɗaga ne ya buɗe mini ƙofa.